Abin Da Ya Sa Girman Takarda A Allon Kwamfuta Yake Saɓa Wa Wanda Aka Buga

Sau da yawa akawu ko ɗalibi yakan shirya takarda a kwamfuta, ya umarce ta ta nuna masa ita a kan kashi 100 bisa 100, watau ainihin girmanta, amma da ya buga sai ya tarar abin da ya fito ya saɓa wa abin da ya gani. Wani ya zargi na'urar bugawa, wani ya ce kwamfutar ce ta lalace. Alhali kuwa galibi babu abin da ya lalace. Allon ne ba ya auna inci yadda rula take aunawa.

Ita takarda girmanta tsayayye ne. Takardar A4 da ake aiki da ita a ofisoshin Nijeriya faɗinta milimita 210 ne, tsawonta 297. Shi kuwa allo ƙananan ɗigogin haske ne a jere, kuma da ƙidayarsu kwamfuta take aiki. Kafin ta zana inci ɗaya, tilas ta ƙaddara ɗigo nawa ne suke cika shi.

A shekarar 1984 kamfanin Apple ya fito da Macintosh mai ɗigo 72 a kowane inci, daidai da ma'aunin da maɗaba'u suke auna haruffa da shi, saboda haka allo da takarda suka yi kusan daidai. Kamfanin Microsoft kuwa ya tsayar da ɗigo 96 a tsarinsa na Windows, don haruffa su fito manya, su yi sauƙin karantawa.

To, ga inda gizo yake saƙa. Alluna ba girmansu ɗaya ba. Bisa lissafin 96, faɗin A4 ɗigo 794 ne. Allon tebur mai inci 24, wanda yake da ɗigo 1920 a faɗinsa, yana da kimanin 92 a inci, sai takardar ta fito wajen milimita 220. Allon kwamfutar tafi-da-gidanka mai inci 15.6 da ɗigo 1920 ɗin nan yana da kimanin 141 a inci, sai takardar ta tsuke zuwa milimita 143, in ba a ƙara ma'aunin nuni ba. Takarda ɗaya, girma biyu, kuma babu na gaskiya a cikinsu.

Har ila yau akwai tarko a wajen bugawa. Yawancin na'urori ba sa iya bugawa har bakin takarda, saboda haka akan sa su rage shafi kaɗan don ya shiga. Haka kuma takardar da aka tsara a ma'aunin Amurka, mai faɗin milimita 216 da tsawon 279, takan tsuke idan aka buga ta a A4.

Wannan ba ƙaramin al'amari ba ne ga ma'aikatan safiyo da ɗaliban zanen gini. A taswirar fili mai ma'aunin 1:1000, milimita ɗaya mita ɗaya ce a ƙasa. Idan bugu ya rage ta da kashi 3 bisa 100, iyaka mai mita 100 za ta koma 97 a bakin rula, kuma daga irin wannan rigimar maƙwabta take tasowa.

Maganin abin shi ne kada a auna komai a allo. A lokacin bugawa a zaɓi ainihin girma, a kashe umarnin rage shafi, a tabbatar an sa A4. Sannan a zana layi mai santimita 10 a gefen takardar, a ɗora masa rula bayan an buga. In ya cika 10, sai a sa hannu.