Tarakta, JCB ko mai dogon hannu: Wane inji ya dace da aikin fili a Takur?

Tun da aka ƙirƙiro Jihar Jigawa a 1991 aka mayar da Dutse hedikwata, unguwanni irin su Takur ke ta cin gonaki suna zama filayen gini. Zuwan Jami'ar Tarayya a 2011 ya ƙara rura wutar. Sai dai ga mafi yawan masu filaye, duk babban inji mai ruwan ɗorawa sunansa katafila, kuma daga wannan kuɗin goro ake fara tafka asara.

Tarakta an ƙera ta ne don ja. Ita ke jan garma da tirela, tana kuma juya na'urorin noma ta wani sanda da ke bayanta. Ga mai fili a bayan gari da ke son huɗa, ko ɗaukar taki, yashi da tankin ruwa, babu kamarta, ga kuma kanikawan Massey Ferguson ba su da wuyar samu. Amma ba ta haƙa. Wanda ya ɗaura mata bokiti a gaba ya ɗaga kaya sama a kan gangare, yana wasa ne da kifewa.

Injin da 'yan kwangila ke kira JCB, da sunan kamfanin Ingila da ya fito da shi a 1953, baki biyu gare shi: faffaɗan bokiti a gaba na kwasa da baje ƙasa, da hannu a baya mai haƙa zurfin kimanin mita 4. Fandisho, ramin masai, magudanar ruwa, gurbin kwalbati, duk aikinsa ne, kuma da ƙafafunsa yake zuwa wurin aiki, ba sai an ɗauko shi a mota ba. A Dutse akwai sharaɗi guda, wanda sunan garin ma ya bayyana shi. Inda haƙa ta ci karo da fa, bokiti ba ya fasa dutse. Sai an cire shi an ɗaura gudumar fasawa, ita kuwa kuɗinta daban. Mai hankali yakan sa a tona ramin gwaji da diga kafin ya yi cinikin yini, domin inji ko yana tsaye ana lissafa masa kuɗi.

Na ukun shi ne mai dogon hannu, wanda ke miƙa bulo, siminti da rodi zuwa saman bene. Manyansa na kai kaya mita 17, amma gwargwadon miƙewar hannun, gwargwadon raguwar nauyin da zai iya ɗauka, kuma yana bukatar ƙasa mai tauri da daidaito. A gidan ƙasa mai ɗaki huɗu, ɗauko shi almubazzaranci ne. Leburori sun wadatar.

Batun saye kuwa, dukkan ukun da man dizal suke aiki, kayan gyaransu daga waje ake shigo da su, kuma tun da aka saki darajar naira a watan Yunin 2023 farashinsu ya bi dala. Ga mai fili ɗaya, hayar JCB ta kwana biyu ta fi mallakar inji da zai kwana wata goma sha ɗaya yana tsatsa.

Wannan lissafi ya fi nauyi idan kuɗin na jama'a ne. Layi a kasafin kuɗi da ke cewa "sayen manyan injuna" bai faɗi komai ba. Ƙaramar hukumar da ambaliya ke yi wa barazana kowace damina, kamar yadda aka gani a faɗin Jigawa a 2022, mahaƙi take bukata don yashe magudanai. Tarakta ta fi kyau a hoton bikin rabo, amma ba ta buɗe lambatu. Jihar na da hukumar tantance kwangiloli, kuma akwai Dokar 'Yancin Samun Bayanai ta 2011. Matashin da zai rubuta takardar tambaya ya nemi a faɗa masa irin injin da aka saya, aikin da aka saye shi dominsa, inda yake ajiye yanzu, da adadin awoyin da agogonsa ya nuna ya yi aiki.