Wasan allon yatsu: Yadda mai koyo zai ƙware ba tare da ɓarnar kuɗi ba

Allo ne da tsawonsa bai wuce santimita 10 ba, yana da tayoyi huɗu, ana tuƙa shi da yatsu biyu a kan tebur. Da Turanci ana ce masa fingabod, masu jin Faransanci kuma sukan ce "finger skate". A nan za mu kira shi allon yatsu. Bidiyon gwanayensa sun cika YouTube da TikTok da Instagram, inda za ka ga allon ya tashi, ya wuntsila a iska, ya dira ƙarƙashin yatsu kamar an ɗaure shi da zare.

Wanda ya saya ya gwada yakan tarar da abin ba haka yake ba. Allon ya suɓuce, ya faɗa ƙarƙashin kujera, a ɗauko ya sake suɓucewa. Daga nan wasu su jefar da shi, wasu kuma su ɗora wa allon laifi, su shiga tara kuɗin yin odar mai tsada daga Turai. Duka biyun sun yi gaggawa. Kusan duk gwanintar wasan tana kan salo ɗaya, wato tsallen da ake kira oli, kuma da wuyan hannu ake yin sa, ba da tsadar allo ba.

Daga ina wasan ya fito?

Allon yatsu ƙaramin kwafi ne na siketbod, allo mai taya da matasa ke hawa da ƙafa, wanda ya bunƙasa a jihar Kaliforniya ta Amurka, ya kuma shiga gasar Olamfik karon farko a wasannin Tokyo da aka yi a 2021. Masu hawan babban allon ne suka fara ƙera ƙaramin da hannunsu, da kwali ko guntun katako da tayoyin motar wasan yara. A 1985 fitaccen ɗan wasa Lance Mountain ya fito a fim ɗin Future Primitive na kamfanin Powell Peralta yana tuƙa irin wannan allo a wurin wanke kwanuka na kicin, abin da ya sa mutane da yawa suka san shi.

A ƙarshen shekarun 1990 samfurin roba mai suna Tech Deck ya shiga shagunan kayan wasa, kuma a yau mallakar kamfanin Spin Master ne na Kanada. A Jamus kuwa, kamfanin Blackriver da aka kafa a 1999 a ƙaramin garin Schwarzenbach an der Saale ya mayar da abin sana'a. Yana ƙera ƙananan gangare da dakali na wasan, shi ne kuma ya kafa gasar Fast Fingers da ake ɗauka a matsayin gasar duniya.

Wannan tarihi yana da amfani ga mai koyo, domin sunayen salo da ƙa'idojin wasan duk daga babban allo aka ɗauko su. Yatsu biyu suna matsayin ƙafafu biyu. Abin da ƙafa ba za ta iya yi ba, kamar damƙe allon da babban yatsa a ɗaga shi sama, ba a ƙirga shi a wasa.

Wane allo ya dace da mai koyo?

Iri biyu ne a kasuwa. Akwai na roba mai araha, wanda aka manna wa takarda mai kaushi irin sanfefa a samansa. Akwai na katako, wanda galibi ake haɗa shi da siraran falle biyar na itace, aka sa masa tayoyi masu boris a ciki. Na katako ya fi ƙarfin tsalle, ya fi santsin gudu, amma ya fi tsada nesa ba kusa ba, musamman idan an haɗa da kuɗin aiko shi daga waje.

Abubuwa uku ne suka fi shafar mai koyo, kuma babu wanda ke buƙatar kuɗi mai yawa. Na farko faɗin allo. Alluna suna kamawa daga milimita 26 zuwa 34 ko sama da haka, kuma yawancin masu wasa a yau sun fi son mai milimita 32 zuwa 34, saboda yatsu sun fi samun wurin sauka. Na biyu abin da ke saman allon. Siririn soso mai gam ya fi sanfefa kama yatsa, ba ya kuma goge fata, don haka masu wasa da yawa kan ɓare sanfefar su manna soso. Na uku ɗaurin ƙarafunan da ke riƙe tayoyi. Idan notin tsakiyarsu ya yi sako-sako allon zai riƙa karkata, idan ya ɗauru da yawa ba zai juya ba. Mai koyo ya ɗaure shi daidai yadda allon zai tafi a miƙe idan an tura shi.

Shawarar ita ce a fara da abin da ke hannu. Ranar da oli ya zauna, ranar ce mutum zai gane bambancin allon katako, kuɗinsa kuma ba za su tafi a banza ba.

Ina ake ajiye yatsu?

Ƙarshen allon biyu a ɗage suke: na gaba shi ne hanci, na baya wutsiya. Ka ɗora yatsan tsakiya a kan wutsiya, manuniya kuma daf da bayan ƙusoshin gaba. Ga mai amfani da hannun dama, allon zai kwanta a gicciye a gabansa, gabansa yana fuskantar hagu. Ga bahago akasin haka ne. Sauran yatsun a tanƙwashe su, kada su taɓa allon.

Kafin tsalle, sai an iya tuƙi. Ka yi kwanaki kana tura allon gaba da baya, kana zagaya kofi ko kwalba da shi, kana danna wutsiya har tayoyin gaba su ɗaga ka juya hancin hagu ko dama. Sannan ka gwada tafiya a kan tayoyin baya kaɗai ba tare da wutsiya ta taɓa tebur ba, salon da ake kira manuwal. Masu koyo da yawa suna tsallake wannan mataki saboda ba shi da burgewa, alhali shi ke koya wa yatsu iya nauyin da allon ke ɗauka.

Yaya ake yin oli?

Sunan ya samo asali ne daga Alan Gelfand, ɗan Amurka da ake wa laƙabi da Ollie, wanda ya fito da salon a ƙarshen shekarun 1970. Rodney Mullen ne ya kawo shi kan shimfiɗaɗɗiyar ƙasa a farkon shekarun 1980. Ma'anarsa allo ya tashi sama tare da mai shi ba tare da an riƙe shi ba.

A allon yatsu, abubuwa huɗu ne ke faruwa cikin ƙiftawar ido. Yatsan tsakiya ya buga wutsiya a tebur da sauri, bugu ɗaya mai kaifi. Hancin ya miƙe sama, wuyan hannu ya juya ya bi shi, har allon ya kusa tsayawa a tsaye yana jingine da yatsu. Hannu ya ci gaba da tafiya gaba yana tashi. Daga ƙarshe manuniya ta danna hancin ƙasa, allon ya daidaita, ya sauka da tayoyi huɗu, yatsu suna kan ƙusoshi.

Me ke hana allon faɗuwa a iska? Tafiyar hannu ce. Muddin hannu yana tura allon gaba, allon yana manne da yatsu, kamar yadda takarda ke manne da tafin hannu idan ka kaɗa shi da sauri. Da zarar hannun ya tsaya, allon ya rabu da shi. Shi ya sa oli a tsaye wuri ɗaya ya fi wuya, kuma shi ya sa aikin na wuyan hannu ne da gwiwar hannu, yatsu kuwa bugu da daidaitawa ne nasu.

Hanyar da ta fi sauƙi ita ce a fara a wurin da ba shimfiɗe yake ba. Ka zauna, ka tuƙa allon daga gefen cinyarka zuwa sama, ka bar shi ya tashi a iska yana kwance a kan yatsunka, sannan ka kifa hannu ka sauke shi a saman cinyar. Hannun kujera ma yana yi. Idan wannan ya zauna, ka koma kan littafi ko katako da ka jingina a karkace, kana rage karkatar kullum har ka iso kan tebur. Wasu sukan ɗan ja allon baya kafin bugu don ya fi saurin miƙewa. Babu laifi a farko, amma a hankali a daina, domin gaban shinge babu damar ja da baya.

Kowace matsala tana da dalilinta. Idan allon yana wuntsilawa baya ya faɗi, bugun ya yi ƙarfi ko manuniya ta matsa kusa da wutsiya. Idan ba ya tashi sam, danna wutsiyar kake yi maimakon buga ta, ko manuniya ta danne hancin. Idan yana gudu ya bar yatsu, hannu ne ya tsaya bayan bugu. Idan kuma yana sauka a karkace, kafaɗa da gwiwar hannu ne ke jan sa gefe.

Me ke biye da oli?

Tsari yana da muhimmanci, domin kowane salo a kan na bayansa yake hawa. Da farko a tsallake abu: fensir, sannan biro biyu a ɗaure, sannan akwatin ashana. Allon yatsu kusan kashi ɗaya cikin takwas ne na babban allo, wanda tsawonsa ke kai santimita 80. Ke nan wanda ya tsallake abu mai tudun santimita 3 kamar ya tsallake na santimita 24 ne da ƙafa, ba ƙaramin abu ba ne.

Sai shobit, inda yatsan tsakiya ke shafar wutsiya gefe, allon ya juya rabin da'ira a kwance, hanci ya koma baya. Sai gurza: a yi oli a sauka a bakin dakali ko sandar ƙarfe a zame. Mafi sauƙi shi ne 50-50, inda ƙarafunan taya biyu ke kan bakin, sannan 5-0, inda na baya kaɗai ke taɓawa.

Bayan waɗannan ne ake zuwa kikfilif, salon da kowa ke ɗokin yi, wanda shi ma Rodney Mullen ne ya fito da shi. Ana yin oli, sannan manuniya ta zame ta gefen hanci da ke wajenka tana ɗan tanƙwashewa, allon ya mirgina sau ɗaya, yatsu su ɗaga su ba shi wuri, su cafe shi idan samansa ya dawo. Kuskuren da aka fi yi shi ne fizga da ƙarfi. Ɗan shafa kaɗan ya isa. Hilfilif kishiyarsa ne, manuniya tana miƙewa waje, allon ya mirgina ta ɗaya ɓangaren.

Yaya ake atisaye?

Minti 15 zuwa 20 kullum sun fi awa uku a rana ɗaya, domin hannu da maimaici yake haddacewa, idan ya gaji kuma kuskure yake haddacewa. Ka ɗauki salo ɗaya a zama ɗaya. Kada ka ce ka iya shi sai ka yi shi sau goma a jere. Sannu ba ta hana zuwa.

Wayar hannu malama ce mai kyau. Ka jingina ta a gefen tebur ka ɗauki hannunka, sannan ka kalli bidiyon a hankali. Abin da ido bai gani ba, kamar manuniya da ke tashi kafin lokaci, zai fito fili. Haka ma bidiyon gwanaye, a rage saurinsu a kalli wuyan hannu maimakon allon. Kada a manta cewa abin da ake sakawa a intanet shi ne wanda ya yi kyau, faɗuwar da aka yi kafinsa an yanke ta.

Wurin wasa ya zama mai santsi da tauri: tebur, tayil ko gilashi. Tabarma da darduma suna riƙe taya, siminti mai kaushi kuma yana cinye ta. Ba sai an sayi kayan gangare ba. Littattafai a jere suna zama matakala, guntun tayil a kan bulo ya zama dakali, ragowar alminiyom daga wurin masu haɗa taga ta zama sandar gurza, a dai goge kaifinta.

Idan akwai aboki, akwai wasan da aka gada daga babban allo mai suna SKATE. Ɗaya ya yi salo, ɗayan ya maimaita. Wanda ya kasa ya karɓi harafi ɗaya, wanda ya tara haruffa biyar ya fita. Yana tilasta wa mutum gwada abin da ya saba gudu.

Kula da allo da hannu

Ƙura ita ce babbar abokiyar gabar tayoyi masu boris, musamman lokacin hunturu, don haka a goge tebur kafin a fara, a ajiye allon cikin ƙaramin gwangwani ko jaka bayan an gama. Ruwa yana kumbura katako, zafin rana kuma yana sassauta gam ɗin soso. Notin taya yakan kwance da kansa, kuma idan ya faɗi samun irinsa a kasuwa aiki ne. A riƙa duba shi, ko a ɗiga masa ɗan jan farce don ya riƙe.

Waɗannan ƙananan notuna da tayoyi haɗari ne ga yara ƴan ƙasa da shekara uku, domin suna iya haɗiye su su shaƙe. A gidan da akwai masu rarrafe, a kwance allo a kan faranti, a tattara komai a adana a sama. Shi kuma mai wasa, idan ya ji zafi ko tsami a wuyan hannu, ya huta kwana ɗaya ko biyu. Idan ciwon ya ƙi tafiya, ya ga likita kafin ya koma kan tebur.