Rumbun Fina-finai a Cikin Gida da Sakacin Barin Sa a Buɗe

Tun da Hukumar Sadarwa ta Ƙasa, NCC, ta amince wa kamfanonin waya ƙarin kashi 50 cikin ɗari a kuɗin kira da na data a watan Janairun 2025, kallon fim kai tsaye daga intanet ya ƙara tsada, domin sa'a guda ta bidiyo mai kyan hoto tana iya lashe gigabait ɗaya zuwa uku. Wannan ne ya sa wasu matasa masu sanin kwamfuta a Kazaure, garin Kwalejin Fasaha ta Tarayya ta Hussaini Adamu, suke mayar da tsohuwar kwamfuta uwar garke, wato na'urar da ke tara fina-finai wuri guda tana rarraba su ga wayoyi da talabijin ɗin gida. Ana haɗa ta da rauta, akwatin da ke watsa Wi-Fi, a ɗora mata manhaja irin su Jellyfin ko Plex, kuma tunda hoton daga ɗaki zuwa ɗaki yake tafiya, ba ya cin ko kwabo na data, abin da zai amfani ƙauyukan Roni da Gwiwa da na kan iyakar Babura inda sabis ke rauni.

Dabarar ba ta da aibi, sakacin masu kafa ta ne abin takaici. Abin da aka saba shi ne a kai memori wurin masu tura fina-finai a kasuwa, a ciko shi da na Kannywood da fassarar Indiya da duk abin da mai shagon ya ga dama ya ƙara, a juye su a jaka guda ba tare da an duba ko ɗaya ba, sannan a kwaso bidiyon bikin gidan, na kamu da na ƙunshi da na suna, inda matan aure ke rawa a tsakaninsu babu mayafi, a zuba a wuri ɗaya da su. Daga nan sai a kunna DLNA, tsarin da ke ba talabijin da manhajoji irin su VLC damar gano uwar garken da kansu, saboda shi ya fi sauƙi. Abin da mai haɗawar bai damu ya sani ba shi ne DLNA ba ya tambayar kalmar sirri, duk na'urar da ta hau Wi-Fi ɗin gidan za ta ga kome, ko ta yaro ɗan firamare ce ko ta saurayin da ke zaune a dakalin ƙofar gida.

Ita kuwa kalmar sirrin Wi-Fi, a yawancin gidaje sunanta kawai sirri. Lambar wayar maigida ce ko shekarar haihuwarsa, an ba maƙwabci don kunya, an ba abokin ɗa, alhali wayoyin Android na yanzu suna iya nuna ta a hoton QR, wani ya ɗauka cikin daƙiƙa ya miƙa wa na gaba. Magidancin da ba zai yarda baligi ya wuce zaure ba, shi ne kuma ya bar hotunan iyalinsa suna tsallake katanga.

Yawancin gyaran ba ya buƙatar sayen kome. A kashe DLNA, a buɗe wa kowa asusunsa a cikin Jellyfin da kalmar sirrinsa, a ware jakar yara daban a taƙaita asusunsu a kanta. Kada a dogara da matatar shekaru da ke cikin manhajar, domin tana aiki ne da alamar da hukumomin tace fina-finai na ƙasashen waje suka sa wa fim, alamar da galibin fina-finan Hausa da na fassara ba su da ita, don haka dole babba ya zauna ya kalla ya tantance da idonsa. Baƙi da maƙwabta a buɗe musu layin baƙi, wanda rautoci da yawa ke da shi, wanda ke ba da intanet amma ya hana ganin na'urorin gida. Bidiyon biki kuwa ba shi da wurin zama a uwar garke ko kaɗan, a kwashe shi zuwa faifan ajiya na daban, a cire shi daga jikin kwamfutar, a miƙa wa uwargida ta adana a ɗakinta.