Hanyar zumunci, hanyar cuta: daga Kano zuwa Paris-Congo

Da sassafe unguwar Paris-Congo, a gunduma ta shida ta birnin Njamena, takan watse. 'Yan acaɓa, waɗanda a can ake kira kilando, suna kwasar mata zuwa kasuwar Dembe, 'yan kasuwa kuma suna nufar gadar Ngeli don tsallakawa Kuseri ta Kamaru. Da yamma kowa ya dawo gida, yara su taru a kwano ɗaya. Wannan kai da komowa ita ce rayuwar unguwa, ita ce kuma hanyar da cuta ke bi.

Shan inna ta nuna haka ƙarara. Ƙwayar cutar tana fita ta bayan gida, ta shiga baki ta hannu ko ruwa. Cikin yara kusan 200 da suka kamu, ɗaya ne ke shanyewa. Yawancin sauran suna wasansu lafiya lau, ana goya su zuwa biki da suna da zaman makoki, suna raba ta ba wanda ya sani.

A 2003 jihar Kano ta dakatar da rigakafin, bayan jita-jita ta bazu cewa maganin yana hana haihuwa. Tsoron yana da tushe, domin Kanawa ba su manta gwajin maganin Trovan da aka yi wa yaransu a 1996 ba. Sai dai abin da ya biyo baya ya yi muni. Kafin a dawo da rigakafin a Yulin 2004, cutar ta riga ta shiga Chadi, ta wuce Sudan; a ƙarshen shekarar ta kai Saudiyya, a 2005 kuma ta ɓulla a Yaman da Indonesiya. Tsohuwar hanyar alhazan ƙasa ke nan, wadda Hausawa suka daɗe suna bi ta Njamena tun ana kiran birnin Fort Lami. A 2011 Chadi ta samu yara 132 da suka shanye.

Jita-jitar ma ta bi bakin 'yan uwa ne. Uwa ta fi yarda da maganar kishiyarta ko maƙwabciyarta a kan ta baƙon da ya ƙwanƙwasa ƙofa da akwatin magani, kuma ba a ga laifinta ba. Shi ya sa gyaran bai kankama ba sai da aka bi ta hannun masu faɗa a ji. A Nijeriya sarakuna sun shiga aikin a 2009 ƙarƙashin Sarkin Musulmi Sa'ad Abubakar. A Chadi an riƙa haɗa rigakafin yaran makiyaya da na dabbobinsu a zuwa ɗaya, tunda makiyayi ba ya ƙin likitan shanu.

Chadi ta ga na ƙarshe da ainihin ƙwayar cutar ta kama a 2012, kuma a Agustan 2020 aka tabbatar Afirka ta rabu da ainihin ƙwayar. Wani nau'inta yana nan yana ɓulla a yankin Tafkin Chadi, inda rikici ya hana masu ɗigon rigakafin kaiwa ga yara da yawa.