Layin manya: Yadda Landan ta raba titunanta a lokacin Olamfik na 2012

A ranar 16 ga Yulin 2012, wata motar bas da ta ɗauko 'yan wasan Amurka daga filin jirgin sama na Heathrow ta ɓata hanya a cikin Landan. Sai da suka shafe kusan sa'o'i huɗu suna gewayen gari kafin su isa masaukinsu. Saura kwana 11 a buɗe wasannin Olamfik, kuma abin da mahukuntan birnin suka shekara bakwai suna fargaba ke nan.

Fargabar tana da tushe. A wasannin Atlanta na 1996, an ɗauko direbobin da ba su san garin ba, motoci suka yi ta ɓata, 'yan wasa na isa fili a ƙurarren lokaci. Landan kuwa tsohon gari ne mai matsattsun tituna, wanda ko ba taro ba ya rabo da cunkoso.

Don haka aka tsara hanyoyi masu tsawon kilomita 175 da suka haɗa filayen wasa da masaukai. A kilomita 48 daga ciki, an ware layi guda ga motocin 'yan wasa, alƙalan wasa, jami'ai, 'yan jarida da wakilan kamfanonin da suka ɗauki nauyin gasar, daga ƙarfe 6 na safe zuwa 12 na dare. Wanda ya shiga ba izini, tarar fam 130 ce ke jiransa. An sauya lokutan fitilun ba da hannu, an kuma rufe wasu mashigai.

Jama'a ba su yi maraba da tsarin ba. Suka laƙaba wa layin sunan Zil, motar alfarmar da shugabannin Tarayyar Sobiyat ke ratsa Mosko da ita a kan layinsu na musamman. Direbobin tasi, waɗanda aka hana shiga, sun toshe tsakiyar birnin da motocinsu don nuna fushi. Ƙorafin nasu ba na banza ba ne: kowa zai iya yi wa ɗan tsere uzuri, amma da wuya a gamsar da mai neman abinci cewa ya kauce wa manajan kamfani.

Sai dai ba layin ne ya ceci birnin ba. Tun watanni kafin gasar, hukumar sufurin Landan ta duƙufa wajen roƙon mutane su sauya lokacin fita, su yi aiki daga gida, masu dakon kaya kuma su koma sauke kaya da dare. An bai wa duk mai tikitin kallo damar hawa jirgin ƙasa da bas kyauta a ranar wasansa.

Gargaɗin ya yi tasiri har ya zarce gona da iri. A makon farko tsakiyar birnin ta yi tsit, masu shaguna da gidajen abinci da direbobin tasi suka shiga kukan rashin ciniki. Aka daina sanya muryar magajin gari, Boris Johnson, da ke jan kunnen fasinjoji a tashoshi, aka kuma riƙa buɗe wa kowa layin manyan a lokutan da ba a buƙatarsa.

Da Faris ta karɓi gasar a 2024, ita ma ta ware layuka masu tsawon kilomita 185, da tarar yuro 135. Amma ta bar motocin tasi da bas-bas na haya su bi ta cikinsu.