Sauya Kafireto da Injekta a Tsofaffin Motocin Amurka Masu Ƙarfi

1.0 Gabatarwa

Daga shekarar 1964 zuwa farkon shekarun 1970, kamfanonin ƙera motoci na Amurka sun fito da wani rukunin motoci wanda har yau masu sha'awar mota ke ji da shi. Dabarar ita ce a ɗauki babban inji mai silinda takwas a dasa shi cikin matsakaiciyar mota mai ƙofa biyu, sannan a sayar da ita kan farashin da matashi mai aikin yi zai iya biya. Amurkawa kan kira su da wani suna mai ma'anar "motoci masu ƙwanji". Galibi ana ɗaukar Pontiac GTO ta 1964, mai inji lita 6.4, a matsayin wadda ta buɗe fagen. Bayanta aka samu irin su Dodge Charger, da Plymouth Road Runner ta 1968, da Chevrolet Chevelle SS ta 1970, wadda babban injinta ya kai lita 7.4 da ƙarfin doki 450. Tsadar inshora, da dokar tsabtace iska ta 1970, da takunkumin man fetur na 1973 su suka haɗu suka kawo ƙarshen zamaninsu.

Waɗannan motoci da kafireto suka fito daga masana'anta. A yau da yawa daga cikin masu su kan cire shi su sa na'urar fesa mai wadda kwamfuta ke sarrafawa, wato abin da makanikai ke kira injekta. Wannan maƙala ta yi bayanin dalilin sauyin, da matakan yin sa, da kuma wuraren da aka fi yin tuntuɓe.

2.0 Yadda kafireto ke aiki

Inji ba ya ƙona fetur shi kaɗai, sai an gauraya shi da iska. Tsantsar fetur na ƙonewa ƙurmus idan aka haɗa gram 1 nasa da gram 14.7 na iska. In ana son cikakken ƙarfi, akan ƙara mai har iskar ta sauko wajen gram 12.5 zuwa 13. Aikin kafireto shi ne yin wannan gauraye. A cikinsa akwai maƙogwaro mai tsukakken wuya. Idan inji ya zuƙi iska, sai ta ƙara gudu a wurin da ya tsuke, matsinta ya ragu, ta jawo mai daga wani ɗan kwano ta cikin ƙananan ramuka.

Kafireton Holley da Carter da Rochester sun yi shekaru suna wannan aiki, kuma wanda aka saita da kyau yakan ba da ƙarfi sosai. Rauninsa guda ne: ba ya sanin sakamakon aikinsa. Girman ramukan man ba ya canzawa, alhali iska na canzawa. Motar da aka saita a bakin teku, in ta hau birnin Denba mai tudun mita 1,600, iskar da take shaƙa takan yi ƙaranci, mai ya yi yawa, hayaƙi ya yi baƙi. Da sanyin safiya kuma sai an ja cok an jira inji ya ɗumama. Bugu da ƙari, fetur ɗin da aka fi sayarwa a Amurka yanzu yana ɗauke da sinadarin itanol kashi 10 cikin 100. Irin wannan mai yakan tafasa a cikin kwanon kafireto mai zafi, yana jan danshi idan mota ta daɗe a ajiye, kuma yana cin tsofaffin robobi.

3.0 Yadda injekta ke aiki

Wannan fasaha ta girmi motocin da ake magana a kai. Kamfanin Bendix ya sa irinta a wasu ƴan motocin Chrysler a 1958, amma kayan lantarkin lokacin ba su jure ba. Kamfanin Bosch na Jamus ne ya ci nasara a 1967 a motar Volkswagen. Zuwa farkon shekarun 1990 kafireto ya ɓace daga sababbin motocin Amurka.

A wannan tsari famfo ne ke tura mai da ƙarfi zuwa bakunan feshi, kwamfuta kuma ta buɗe su ta rufe. Tsawon lokacin da baki ya yi a buɗe, wanda ake aunawa da kashi ɗaya cikin dubu na daƙiƙa, shi ne yawan man da zai shiga. Kwamfutar na samun labari daga na'urorin awo: saurin juyawar inji, da matsin iska a bututun shaƙa, da zafin iska, da zafin ruwan inji, da yadda direba ya taka totur. Mafi muhimmanci ita ce na'urar da ke auna ragowar iskar oksijin a hayaƙi. Ta nan kwamfuta ke gane ko man da ta fesa ya yi yawa ko ya yi kaɗan, ta gyara nan take.

4.0 Nau'o'i biyu na sauyi

Nau'i na farko shi ne na'urar da ke zama daidai inda kafireto yake, da kusoshi huɗun da suka riƙe shi. Bakunan feshi da yawancin na'urorin awo, sau da yawa har da kwamfutar, duk suna jikinta. Holley Sniper da FiTech da Edelbrock suna cikin sunayen da aka sani a wannan kasuwa. Ya fi sauƙi, kuma idan aka mayar da murfin matatar iska, ba kowa zai gane an taɓa injin ba.

Nau'i na biyu shi ne a ba kowace silinda nata bakin feshi. Rabon mai ya fi daidaito, amma dole a sauya bututun shaƙa gaba ɗaya, kuma kuɗi da aiki sun fi yawa. Masu son haɗa komi da hannunsu kan yi amfani da kwamfutar MegaSquirt, wadda Bruce Bowling da Al Grippo suka fito da ita a farkon shekarun 2000.

5.0 Matakan aiki

5.1 Lafiyar inji. Kafin a sayi komi, sai a auna matsin kowace silinda, a duba fulogogi, a tabbatar iska ba ta satar hanya ta gaskit. Kwamfuta ba ta gyara fistan da ya cinye. Injin da ke shan baƙin mai ma yakan lalata na'urar awon hayaƙi.

5.2 Hanyar mai. A nan mafi yawan aikin yake, a nan kuma haɗarin yake. Kafireto na aiki da matsin da bai wuce rabin bar ba, injekta kuwa na buƙatar bar 3 zuwa 4. Tsohon tiyo da tsofaffin maɗaurai ba za su ɗauki wannan ba, kuma tiyon da ya fashe a irin wannan matsi yakan yi feshin fetur kan inji mai zafi, gobara ta tashi. Don haka dole a sa tiyon da aka yi musamman domin injekta. Famfon lantarki ya fi daɗewa idan yana cikin tanki, domin mai na sanyaya shi. Ana so tankin ya kasance da shinge a ciki, saboda kafireto na da ajiyar mai a kwanonsa, injekta kuwa ba ta da shi; in mai ya kauce wa bakin famfo a kan kwana, inji zai yanke nan take. Akan sa matata mai manyan ido kafin famfo, da mai ƙananan ido bayansa, sannan a yawancin tsare-tsare a ja bututu na biyu mai mayar da rarar mai tanki.

5.3 Salansa. Akan huda bututun hayaƙi a yi waldar mazaunin na'urar awo, a saman bututun, a ɗan karkace, don kada ruwan da ke taruwa ya jiƙa ta. Idan akwai yoyo a gabanta, iskar waje za ta shiga, na'urar ta ce mai ya yi kaɗan, kwamfuta ta yi ta ƙara mai ba gaira ba dalili. Fetur mai darma, wanda aka hana sayarwa domin motocin kan hanya a Amurka tun 1996 amma yake nan a wasu man tsere, shi ma yana kashe ta.

5.4 Wutar lantarki. Manyan wayoyin kwamfuta biyu kai tsaye ake haɗa su da batir. Akwai waya ta uku da ke buƙatar wuta a lokacin da ake murɗa makulli da kuma bayan inji ya tashi. A wasu tsofaffin motoci wutar takan yanke a tsakani, mota ta ƙi tashi. Wayoyin na'urorin awo kuma a nisanta su da wayoyin fulogi, domin tartsatsin wuta na rikita kwamfuta. Sau da yawa tsohon janareton caji ma sai an sauya shi, tunda famfo ya ƙara masa kaya.

5.5 Koyo. Bayan an gama, akan shigar da girman inji da yawan silinda da saurin da ake so ya riƙa yi a silo. Idan ruwan inji ya yi zafi, a wasu na'urori wajen digiri 70, sai kwamfuta ta fara koyo. Direba ya yi tuƙi a hankali a gari da babbar hanya kafin ya taka totur har ƙasa, domin gaurayen da mai ya yi masa kaɗan a lokacin cikakken gudu yana iya narkar da fistan.

6.0 Riba da hasara

Wanda ya yi sauyin don neman ƙarin ƙarfin doki, da wuya ya ga bambanci da kafireton da gwani ya saita. Ribar tana wajen tashi da murɗa ɗaya ko da sanyi, da silo marar gargada, da raguwar warin fetur, da hawa tudu ba tare da sake saiti ba. Hasarar kuwa, bayan kuɗin na'ura akwai na tanki da famfo da tiyo da ladan aiki. Kafireto in ya sami matsala a hanya ana iya lallaɓa shi da sukurdireba, kwamfutar da ta mutu kuwa sai motar ja.

Akwai kuma batun doka da daraja. A jihar Kalifoniya motocin 1975 zuwa baya ba sa cikin gwajin hayaƙin da ake yi duk shekara biyu, amma waɗanda suka biyo baya sai da kayan da hukuma ta amince da su. Sannan motar da ke da injinta da kayanta na asali ta fi tsada a wajen masu tara tsofaffin motoci. Shi ya sa masu lura ba sa huda abin da ba zai toshu ba, kuma sukan adana kafireton da famfonsa domin ranar sayarwa.

7.0 Kammalawa

An ga cewa bambancin tsarin biyu yana ga awo: kafireto na zuba mai bisa saitin da aka yi masa tun farko, injekta kuwa na duba hayaƙi ta gyara kanta. Amma kwamfuta da labarin da aka ba ta take aiki. Idan matsin mai bai tsaya ba, ko salansa na yoyo, ko wuta na yankewa, hukuncinta zai zama kuskure. Saboda haka mai Chevelle ko Charger da ke son wannan sauyi, daga tanki da wayoyi ya kamata ya fara, na'urar feshin ta zo daga ƙarshe.