Mutum-mutumin da ya yi tafiyar kilomita 65 da caji ɗaya

Ka taɓa lura da yaro mai koyon tafiya? Sai ya karkata gaba kamar zai kifa, ya yi wuf ya jefa ƙafa ya tare kansa. To, kai ma abin da kake yi ke nan a kowane taku, sabo ne kawai ya ɓoye maka. Wannan faɗuwar da ake tarewa ita ce Farfesa Andy Ruina na Jami'ar Cornell da ke Amurka ya shafe shekaru yana nazari.

A 1990 wani injiniya mai suna Tad McGeer ya nuna cewa ana iya ƙera ƙafafu, ba inji, ba batir, ba kwamfuta, a ɗora su a kan 'yar gangara su riƙa takawa da kansu. Ta yaya? Ƙafar da ke sama tana reto ne kamar dutsen da aka rataye da igiya, ita kuma wadda ke ƙasa tana tsaye kamar sanda, jiki yana bi ta kanta zuwa gaba. Inda ake asarar ƙarfi shi ne lokacin da diddige ya bugi ƙasa, gangarar ce kuma take mayar da abin da aka rasa. A 2001 Ruina da Steve Collins da Martijn Wisse suka ƙera irin wannan na'ura mai ƙafa biyu da gwiwoyi, har da hannaye masu lilo.

Za ka ce, to idan babu gangara fa? A nan sai an ƙara ƙarfi, amma ɗan kaɗan, kuma a kan lokaci. Idan ƙafar baya ta tunkuɗa ƙasa dab da saukar ta gaba, bugun yana yin sauƙi, asarar ta ragu. A rahoton da suka fitar a mujallar Science a 2005, mutum-mutumin da suka gina a kan wannan dabara yana cin makamashi kusan daidai da ɗan'adam idan aka auna da nauyinsa. Shi kuwa ASIMO na kamfanin Honda, wanda inji ke juya kowace gaɓa tasa, an ƙiyasta ya ninka haka fiye da sau goma.

A watan Mayun 2011 wani mutum-mutuminsu mai suna Ranger ya yi tafiyar kilomita 65 cikin kusan sa'o'i 31, ba a sake masa caji ba, ba a kuma taɓa shi ba. Nauyinsa kusan kilo 10 ne, wutar da yake sha kuwa wajen wat 16, kamar ƙwan lantarki ɗaya. Sai dai fa yana da iyaka: ƙafafunsa huɗu ne masu aiki bibbiyu, ba shi da gwiwa, a daɓe mai laushi ya yi tafiyar, mutum ne kuma ke karkatar da shi da rimot.

Amfanin wannan bai tsaya ga na'ura ba. Mai ƙafar roba yakan gaji fiye da mai ƙafa biyu, wani ɓangare na dalilin kuwa shi ne raunin wannan tunkuɗar ta idon sawu. A 2015 Collins da abokan aikinsa sun ƙera wani abin ɗaurawa a ƙwauri, mara batir, wanda ya rage ƙarfin da mai lafiya ke kashewa wajen tafiya da kusan kashi 7 cikin ɗari.

A ɓangaren koyarwa, Ruina da Rudra Pratap sun rubuta littafin makanikanci na ɗaliban injiniya, suka sa shi kyauta a intanet.

Kai ma kana iya gwadawa a tsakar gida: ka sandarar da idon sawunka, ka yi taku hamsin ba tare da ka tunkuɗa ƙasa da yatsu ba. Cinyoyinka za su gaya maka aikin da idon sawu yake ɗauke musu kullum.